Jane Eyre: fim ɗin 2011 ko shirin BBC na 2006?

'Yar'uwa, kin ce kin gama karanta Jane Eyre, littafin Charlotte Brontë na 1847, kuma datarki ba za ta sauke biyu ba, kina tambaya wanne za ki ɗauka tsakanin fim ɗin 2011 da shirin BBC na 2006. Na kalli duka biyun, kuma ni dai na 2006 zan ce ki sauke.

Ki tuna yadda soyayyar ta ƙullu a littafin. Jane marainiya ce 'yar shekara 18, ba kyau ba dukiya, ta zo gidan Thornfield koyar da ƙaramar yarinya Adèle. Abin da ya haɗa ta da maigidan, Rochester, hira ce kawai: da dare a bakin wuta yana tsokanarta, tana mayar masa ba tsoro. Irin wannan sai da lokaci. Shirin BBC kashi huɗu ne, kusan awa huɗu, don haka Ruth Wilson (Jane) da Toby Stephens (Rochester) sun samu sararin yin wannan zolayar har mai kallo ya yarda cewa sun saba. Fim ɗin 2011, wanda Cary Fukunaga ya ba da umarni, awa biyu ne. Mia Wasikowska (Jane) da Michael Fassbender (Rochester) sun iya wasa, amma kafin ki ankara har an kai ga maganar aure, kina tambayar kanki yaushe suka shaƙu.

Inda fim ɗin ya yi zarra shi ne ban tsoro. Ɗakunan duhu ne, sai hasken kyandir, iska na kaɗawa a fili, Judi Dench kuma ta fito a Misis Fairfax mai kula da gida. Ya fara ne daga gudun Jane daga Thornfield, tana kuka cikin ruwan sama, sannan ya koma baya ya ba da labarin ƙuruciyarta. Dabara ce mai kyau ga wanda ya karanta littafin kamarki. Abin dariya, gida ɗaya aka yi amfani da shi a duka biyun, Haddon Hall da ke Derbyshire a Ingila, amma a fim ɗin sai ki rantse gidan aljanu ne.

Sai dai an yanke abubuwa da yawa. Ba ya nuna daren da Bertha, matar Rochester da ya kulle a saman bene, ta shigo ta yaga mayafin amarcin Jane, alhali nan ne tsikar jiki ta fi tashi a littafin. Bai kuma bayyana cewa St John da 'yan'uwansa mata, waɗanda suka ba Jane mafaka bayan ta gudu, danginta ne ba, sai rabon da ta yi da su na fam 20,000 da ta gada ya zama kyauta kawai. (Na san wani zai ce, to ya ƙara aure mana, Jane ta shiga a ta biyu. Dokar Ingila ba ta yarda da kishiya ba, shi ya sa ɗaurin auren ya watse a coci.)

Na 2006 ma yana da nasa laifin. A littafin, Rochester da kansa ya yi shigar tsohuwa mai duba don ya ji sirrin Jane, a nan kuwa hayar wata mata ya yi, ya laɓe yana saurare. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne bayan fasa auren, inda aka nuna su kwance a gado yana lallashinta da sumba. Jane ɗin da Brontë ta rubuta ba za ta bari a kai nan ba, tsare mutuncinta ne ma ya fitar da ita daga gidan. Idan da yara za ki kalla, ki san da wannan wurin.

In kuma kalmomin littafin kike so kusan yadda suke, akwai na BBC na 1983, kashi 11, Timothy Dalton da Zelah Clarke. A can Dalton da kansa ya ɗaura kayan mai duban. Hotonsa dai ya tsufa, kamar wasan dandamali, kuma Dalton, wanda ya zama James Bond a 1987, ya cika kyau ga mutumin da Jane ta ce masa ido da ido ba shi da kyau.