Wasiƙa daga Dahab kan katunan nutso a teku

Ƙanena, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da su Inna da sauran mutanen gida, na ga saƙonka inda kake tambaya wane kwas na nutso ya kamata ka yi idan Allah ya kawo ka Masar, tun da ka ji labarin wani kati mai suna Advanced wanda ke ba mai shi damar sauka mita 30 a ƙarƙashin teku. Na jinkirta amsa ne domin tambayar ta fi ƙarfin saƙon waya. Shekara shida ke nan ina aiki a wani shagon nutso a Dahab, a gaɓar Bahar Maliya, na fara da cika tukwanen iska da wanke kayan baƙi har na kai ga yi musu jagora a cikin ruwa, kuma katunan ƙungiyoyi iri-iri sun bi ta hannuna. Abin da na gani shi ne kalmar nan da ta burge ka kowace ƙungiya da abin da take nufi da ita.

Sai ka fara sanin dalilin da ya sa ake raba masu nutso bisa zurfi. Duk mita 10 da ka sauka, ruwa yana ƙara maka nauyi kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa, saboda haka a mita 30 matsin ya ninka huɗu, tukunyarka kuma tana ƙarewa da sauri ninki huɗu. Jini yana shan naitirojin da yawa a can, wanda idan aka taso da gaggawa yakan zama kumfa a jiki, shi ya sa jadawalin PADI, ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da ke koyar da nutso, ya ba ka minti 56 a mita 18 amma minti 20 kacal a mita 30. Akwai kuma mayen zurfi, wanda kan sa mai hankali ya tsaya yana kallon agogon iskarsa bai fahimci abin da yake nunawa ba.

PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, ita ce ta fi yawa a nan, kusan kowane shago da tutarta. Katinta na farko yana buƙatar nutso huɗu a teku kuma iyakarsa mita 18. Wanda ke bi masa, wato Advanced Open Water, nutso biyar ne da ake gamawa cikin kwana biyu: biyu dole ne, na zurfi da na bin hanya da kamfas, sauran ukun kuma ka zaɓa, ko nutson dare, ko na jirgin da ya nutse, ko na daidaita jiki a tsakiyar ruwa. Babu jarrabawar ƙarshe, kuma ba a neman ka tara wani adadin nutso kafin ka shiga, don haka mutum yana iya gama katin farko ranar Laraba, ranar Juma'a ya zama mai Advanced da nutso tara a duk rayuwarsa. Ban ce kwas ɗin ba shi da amfani ba, domin ni ma da shi na fara, kuma ƙungiyar da kanta tana bayyana shi a matsayin ɗanɗano daga fannoni biyar ƙarƙashin kulawar malami. Matsalar ita ce baƙo yakan ɗauka ya ƙware. Bara na sauka da wani mutum cikin Kanyon, wata tsaga a ƙasan teku arewa da gari mai zurfin kimanin mita 30, ya nuna mini kati sabo fil daga wani shago a wata ƙasa, amma da muka isa ƙasa sai ya yi ta harba ƙafa yana tayar da yashi, kafin minti goma rabin iskarsa ta tafi, dole na riƙe shi muka taso a hankali. Tun daga ranar, littafin da mutum ke rubuta nutsonsa nake fara nema kafin kati.

SSI, wadda ita ma a Amurka aka kafa ta a 1970, tana da shaguna da yawa a Dahab, kuma darussanta a waya ake karanta su. A lokacin da na fara aiki, kwas ɗinta mai nutso biyar da ya yi daidai da na PADI ana kiransa Advanced Adventurer, shi kuwa sunan Advanced Open Water ta keɓe shi ga wanda ya gama kwas na musamman guda huɗu ya kuma rubuta nutso 24. Ka ga suna ɗaya, amma wani nutso tara ne a bayansa, wani 24. NAUI kuma, wata ƙungiyar koyar da nutso, nutso shida take nema a nata, har da na dare ko na ruwa mai duhu, sai dai malamanta ba su da yawa a wannan yanki.

Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen Turawan Ingila da na Faransa. BSAC ta Turawan Ingila, wadda aka kafa a 1953, ƙungiyar kulob-kulob ce, malamai 'yan sa kai suna koyar da membobi a ƙarshen mako cikin ruwan sanyi mai duhu, abin da kan ɗauki watanni. Tun a mataki na biyu suke koyon ceton abokin nutso, abin da PADI ta ware a wani kwas na dabam mai kuɗinsa. Wanda ake kira Advanced Diver a wurinsu yana sama da jagoran nutso, mutum ne da ke iya shirya wa ayari tafiya zuwa wurin da ba su taɓa zuwa ba, ya lissafa igiyar ruwa da lokacin cikar teku, ya kula da jirgi da mutanen cikinsa. Idan irin wannan ya shigo shagonmu, yawanci ni nake ƙaruwa da shi. Faransawa kuma suna ƙarƙashin CMAS, wadda aka kafa a Monako a 1959 da Jacques Cousteau a matsayin shugabanta na farko, kuma taurari take bayarwa daga ɗaya zuwa huɗu. Tsarin Faransa ya raba abu biyu da sauran suka haɗa: mai mataki na biyu yana zuwa mita 20 shi da abokinsa ba jagora, amma mita 40 sai da jagora, mai mataki na uku kuma yana iya kai wa mita 60. A ganina wannan rabon ya fi gaskiya, domin sauka a bayan gwani dabam ne da sauka kai ne mai lissafi.

Akwai wata ƙaramar ƙungiya, GUE, da nake girmamawa ko da yake kuɗinta ya fi na saura nesa. Kwas ɗinta na tushe yana ɗaukar kimanin kwana huɗu, ba ta karɓar mai shan taba, ana ɗaukar ɗalibi a bidiyo a nuna masa kurakuransa da yamma, kuma ana faɗuwa, biyan kuɗi ba ya tabbatar da kati. Mafi yawan lokacin a ruwa marar zurfi ake yin sa, ana koyon tsayawa cik a tsakiyar ruwa ba motsi, wanda shi ne ainihin abin da mutumin Kanyon ya rasa.

Duk waɗannan katunan na shaƙatawa iyakarsu ba ta wuce mita 40, in ban da tsarin Faransa da manyan matakan BSAC, kuma a PADI ko mita 40 ɗin sai ka ƙara wani kwas na zurfi. A nan kusa da mu akwai Bulu Hol, rami mai zurfin fiye da mita 100 a cikin murjani, da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke fita zuwa buɗaɗɗen teku. A jikin dutsen da ke bakinsa an manna alluna ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a ciki, da yawansu sun nemi ƙofar ne da tukunya ɗaya ta iskar yau da kullum. Wannan aiki ne na masu nutson fasaha, masu tukwane da yawa da gaurayen iska mai hiliyom, bayan horo na dabam.

Game da kuɗi, da yuro ake faɗin farashi, kuma ka riƙa tambaya ko ya haɗa da kayan karatu, da kuɗin katin kansa, da hayar kaya, domin a nan ake ɓoye ƙari. Dahab ta fi Sharm al-Shaikh sauƙi saboda daga gaɓa muke shiga ruwa, ba sai an hau jirgi ba. Ka tabbata kuma shagon yana da lasisin CDWS, hukumar da ke kula da harkar nutso a Masar.

Na lura a saƙonka ka ambaci aikin kamfanonin mai a Fatakwal. Babu ɗaya daga cikin katunan nan da zai kai ka can. Masu walda da gyaran bututu a ƙarƙashin teku makarantun nutson sana'a suke zuwa, inda ake tura musu iska ta tiyo daga sama, kuma takardar da IMCA, ƙungiyar 'yan kwangilar ayyukan teku ta duniya, ta amince da ita kamfanoni ke nema. Aikin da katin shaƙatawa ke kai wa gare shi irin nawa ne, kuma matakin jagora a PADI yana buƙatar kwas na ceto, da takardar taimakon gaggawa da ba ta wuce wata 24 ba, da nutso 40 kafin ka fara, 60 kafin ka gama.

Da ni ne kai, zan yi katin farko a ko wace daga cikin PADI da SSI bisa ga malamin da na samu, in tara nutso ashirin ko fiye a ruwa marar zurfi, sannan in yi na mita 30, in bi shi da na ceto ba tare da jinkiri ba. Kafin ka sayi tikiti, ka je asibiti a duba jininka, domin mai ciwon sikila ba a yarda ya yi nutso, mai asma ko farfaɗiya kuma sai likita ya sa hannu. Za a kuma gwada ka da ninkaya ta mita 200 ba tsayawa da zama a saman ruwa minti 10. Sai ɗabi'ar da kuka saba da ita a madatsar ruwa ta Tiga ta riƙe numfashi ku nutsa, wadda dole ka bari, domin da tukunya a baya iskar da ke huhu tana kumbura yayin tasowa, kuma riƙe ta ko na 'yan mitoci yana iya fasa huhun. Idan sakamakon asibitin ya fito, ka turo mini hotonsa in nuna wa likitan da muke aiki da shi.