Sharhi kan dashen campaka mai aure

Campaka, wadda masana tsirrai ke kira Magnolia champaca, bishiyar Indiya ce da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya irin su Tailan da Indonesiya. A dajin can tana haura mita 30. Dashen da na gwada mai aure ne, a leda, tsayinsa bai kai mita ɗaya ba, kuma hukuncina shi ne ya cancanci kuɗinsa, amma ba ga kowa ba.

Kafin a biya kuɗi a duba reshe. Duk dangin magnoliya, wato dangin da campaka ta fito, suna da tabo kamar zobe da ya kewaye reshen a gindin kowane ganye. In babu shi, wani abu daban aka miƙo maka. Ganyen dogo ne mai tsini, santimita 10 zuwa 20, gefensa a ɗan lanƙwashe. Furen ba a ƙarshen reshe yake fitowa ba, a hammatar ganye yake, rawaya mai ɗaukar ruwan lemo, da siraran fatu (ganyayyakin furen) kusan 15 zuwa 20. Ba shi da girma, amma ƙamshinsa da yamma yakan cika tsakar gida. Ƙananan ƙwari masu sulke ne ke yi masa barbara.

Dalilin nacewa kan mai aure shi ne lokaci. Wanda aka shuka daga iri yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya yi fure, mai aure kuwa shekara biyu ko uku. Irin ma mai maiƙo ne, yana mutuwa da wuri, don haka busasshen irin da ake tallatawa a intanet asarar kuɗi ce kawai.

Wahalar tana ƙarƙashin ƙasa. Saiwar tana da laushi da saurin karyewa, kuma ba ta nisa. A yanka ledar da wuƙa, kada a fizgo dashen, ramin ya ninka ledar faɗi amma kada ya fi ta zurfi. Ruwa ya kwanta a gindi, saiwa ta ruɓe. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, ma'aunin tsamin ƙasa, wato pH, 5.5 zuwa 6.5. In sabon ganye ya yi rawaya jijiyoyinsa suna nan kore, sinadarin ƙarfe ne ya gagare ta sha, yawanci saboda ruwan burtsatse mai gafi ko toka da aka zuba da sunan taki. A daina tokar, a shimfiɗa ruɓaɓɓen ganye kaurin santimita 5 ba tare da ya taɓa kututturen ba, a koma ruwan sama in da hali.

Hunturu kuwa campaka ba ta jure shi: bakin ganye ya ƙone, tohon fure ya zube tun bai buɗe ba. Sai an kafa ta bayan katanga, ana ban ruwa akai-akai. Duk tsiron da ya ɓullo ƙasa da wurin auren a cire shi nan take, don zai ƙwace ƙarfin na sama.