Saitin kwalliyar akwatin fulawa na Kirsimeti: fitilun sun yi, jajayen 'ya'yan ne dai

Sati uku kenan da na jera wannan saitin a akwatunan fulawa biyu da ke jikin tagoginmu na gaba da kuma manyan tukwane biyu na bakin baranda, to yanzu na ga abin da zan iya faɗa a kansa, don ranar farko komai kyau yake yi, sai ya sha iska da ruwa ake gane na kirki.

Abin da ke cikin kwalin: rassan roba koraye guda 12 kowanne da tsinken da ake cakawa a ƙasa, busassun 'ya'yan itacen fayin, jajayen 'ya'ya ƙanana a jikin waya, jan ribon, sai igiyar fitilun LED mai mita 5 da ke aiki da batir AA guda 3.

Gaskiya fitilun nan su ne suka sa ban yi da-na-sanin sayen ba. Haskensu mai ɗan ruwan ɗorawa ne kamar na kyandir, ba farin nan mai kashe ido ba, kuma wayar siririya ce tana lanƙwasuwa yadda kake so, idan ka naɗa ta a jikin rassa da rana ma ba a ganinta. Amma babban abin shi ne taima ɗin, awa 6 a kunne awa 18 a kashe, kullum da kansa. Sai dai a kula, daga lokacin da ka danna makunnin yake fara lissafi, ni da azahar na fara kunnawa don gwaji na manta, washegari ga fitilu suna ci da tsakar rana, dare na yi kuma sun mutu. Ka kashe, ka jira rana ta faɗi sannan ka kunna, shi kenan ka huta. Duk sanda ka canja batir ma sai ka sake yin haka.

A jikin gidan batir ɗin an rubuta IP44, ma'anarsa yana jure feshin ruwa ta kowane ɓangare, ba wai ya zauna cikin ruwa ba. Ni kuwa a kan ƙasar tukunyar na ajiye shi, na zo ina ba shukar ruwa ya taru a wurin, da na buɗe sai ga danshi a ciki. Yanzu na sa shi a 'yar leda bakinta na kallon ƙasa na rataye a bayan akwatin, tun daga nan lafiya lau. Wanda yake inda ake sanyi mai tsanani ya nemi batir na litiyam, na alkalin ƙarfinsa raguwa yake yi cikin sanyi sai ka ga hasken ya dusashe.

Inda raina ya ɓaci shi ne jajayen 'ya'yan nan. Ashe farin soso ne aka shafa wa fenti, ruwa na taɓa su sau biyu suka fara tsagewa farin yana leƙowa, wasu suna zubowa ƙasa, ga shi muna da ƙaramin yaro da komai ya gani sai baki. Kayan da aka ce na waje ne bai kamata a yi shi da wannan ba sam. Na cire su duka na sa ƙananan ƙwallayen roba ja waɗanda ba sa fashewa, na ɗaure da waya.

Rassan roban ba laifi, amma su kaɗai ba sa cika akwati, kuma daga nesa ma ana gane roba ce don duk tsawonsu ɗaya launinsu ɗaya. Abin da ya gyara min shi ne haɗawa da ɗanyun rassa na itatuwan da ba sa zubar da ganye, na yanke gindinsu a karkace na caka cikin ƙasa mai danshi kamar santimita 10, dogaye a baya, matsakaita a tsakiya, masu laushi kuma na bar su suna zubowa ta gaba suka rufe bakin akwatin. Kai, da na koma bakin hanya na kalla da daddare sai da na kira maigidana ya fito ya gani. Tsinken na roban gajere ne, iska ta tumɓuke min biyu, sai da na ƙara musu sanda.

Wata maƙwabciyata ta ce in ƙara poinsettia a tukwanen, wannan mai jajayen ganyen, na ƙi. Asalinta daga Meziko take, ba ta son iska mai kaɗawa kuma idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10 ganyenta zubewa yake, gara ta zauna a falo.

Zan bar kayan har 6 ga Janairu sannan in kwashe, kuma batir zan fara cirewa kafin in mayar kwali, don idan ya shekara a ciki yoyo yake yi ya cinye ƙarfen. Fitilun kam zan ƙara sayen igiya biyu saboda tukwanen baranda, ɗaya ba ta ishe su ba.