Ya buɗe min giga 94 a kwamfuta, amma hotunan bikin Hajiya sun tafi

Laftof ɗina giga 256 aka rubuta a kwalinta amma Windows 238 yake nunawa, don su kamfani da 1000 suke lissafi shi kuma da 1024. Da ita nake aikin katin aure da na suna da haɗa album a ɗan shagona da ke Yelwa nan Garwa. Tunda na ɗaga ta zuwa Windows 11, saboda an daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, sai layin disk C ya koma ja wur, giga 3 kacal ya rage, in na buɗe hoto babba sai ta tsaya tana tunani mai kati na tsaye a kaina yana duba agogo.

Shago biyu na kai ta a kasuwa, dukansu magana ɗaya, a yi format, wato a goge komai a sake zuba Windows. Ni kuma format nake gudu don fonts ɗina na Larabci da na tara shekara da shekaru. Wani maƙwabcina tela ne ya tura ni wurin wani yaro, ba zan faɗi sunan shagon ba. Sefa 3000 ya ce, ban ma taya ba.

Gaskiya aikinsa na farko ya burge ni ƙwarai. Bai taɓa komai ba sai da ya sa wata 'yar manhaja kyauta, WinDirStat, ta zagaye disk ɗin ta zana shi akwati akwati masu launi, kowane fayil girman akwatinsa daidai da wurin da ya cinye. Ya ce Kawu zo ka gani da idonka. Wallahi ashe bidiyoyin wayata da na kwashe bara sau biyu na kwafe su, folda ɗaya a Bureau, wato fuskar kwamfutar, ɗaya a Documents, giga 38 zaune a banza. Ya buɗe duka biyun muka gwada yawan fayil ya zo ɗaya sannan ya goge guda. Sai Windows.old mai giga 24, ya yi min bayani cewa tsohon Windows ɗina ne aka ajiye ko zan so komawa, in aka goge babu komawa, kuma ko an bar shi Windows da kansa yana share shi bayan kwana 10, ni kuwa kwana 6 na yi da ɗagawa. Na ce goge. Tarkacen Windows Update giga 6, Corbeille, kwandon sharar kwamfuta, giga 9 don ni ban saba zubar da ita ba. Har hiberfil.sys ya nuna min, wajen giga 3, ya ce ana iya kashe shi amma zan rasa veille prolongée, wato barcin da kwamfuta ke yi ta adana aikinka ko ta mutu, na ce bar min shi, yadda wuta ke ɗaukewa lokacin zafi ga batirina ya tsufa ina buƙatar ta riƙe min aiki inda na tsaya. Bai yi gardama ba. A nan na ce a raina na samu mai gyara na har abada.

Aka kira la'asar na tafi masallaci na bar shi yana ƙarasawa. Na dawo ya nuna min layin ya koma shuɗi, giga 97 a buɗe, na ƙara masa 1000 a kan kuɗinsa don daɗi, a hanya ma mutum biyu na yi wa kwatancen shagon.

Washegari da safe wata Hajiya kwastomata ta aiko a nuna mata inda album ɗin bikin 'yarta ya kai. Na buɗe Téléchargements, foldar da abin da aka sauke daga intanet ke shiga, fayau, babu ko fayil ɗaya. Hotuna sama da 400 ne da mai hoto ya turo min daga Ngawundare ta link, dare biyu na yi ina sauke su da data ta, ban riga na matsar da su ko'ina ba. Na duba Corbeille babu. Jikina ya yi sanyi, na hau mashin na koma.

Abin da ya faru shi ne a saitin Windows, Paramètres, Système, Stockage, akwai Fichiers temporaires, jerin tarkacen da ake iya gogewa, a cikin jerin nan akwai Téléchargements, kuma Windows ba ya sa masa alama da kansa, sai mutum ya sa da hannunsa. Yaron ne ya sa alamar. Ya ga giga 17 ya ɗauka tarkacen setup ne irin na sauran mutane. Abin da aka goge ta nan kuwa ba ya biyawa ta Corbeille. Na ce masa ɗana, kai da ka tambaye ni a kan fayil mai giga 3, me ya hana ka jira ni minti goma a kan mai 17? Ya ce Kawu ka yi haƙuri, kowa Téléchargements shara ce a wurinsa. Wannan maganar ta fi gogewar ƙona min rai, don ni can ne teburin aikina, duk abin da kwastoma ya turo can yake fara sauka.

Ya gwada Recuva, manhajar dawo da fayil ɗin da aka goge, kusan awa biyu, ba zan ɓoye masa wannan ba, kuma bai karɓi ko dala ba. Sunayen wasu hotunan sun fito amma in ka buɗe babu komai a ciki. Ya ce da tsohon disk ne mai juyawa da an samu da yawa, amma a SSD, sabon nau'in disk irin na laftof ɗina, akwai abin da ake kira TRIM, da zarar an goge fayil ake sanar da disk ɗin ya share gurbin, shi ya sa da wuya a dawo da abu. Na kira mai hoton, link ya mutu, katin kyamarar kuma ya riga ya yi wani bikin da shi, abin da ya rage masa kaɗan ne. Sauran sai 'yan uwan amarya muka bi ɗaya bayan ɗaya suna turo na WhatsApp, waɗanda an riga an matse su, in ka buga babba fuska sai ta dushe.

To yanzu in ka tambaye ni ya iya aiki, ya iya, kwamfutar har yau tana gudu kuma fonts ɗina na nan ba a yi format ba, waɗancan shaguna biyun ko rabin abin da ya sani ba su sani ba. Amma mutum biyun da na yi wa kwatance na bi su na ce kada su ɗaga ƙafa daga shagon har ya gama, ko sallah ce su rufe laftof ɗin su tafi da ita. 1000 ɗin da na ƙara ya miƙo min na ƙi karɓa, ba ita ce damuwata ba.

Album ɗin Hajiya dai ƙarami muka buga maimakon babban da ta biya, na mayar mata da rabin kuɗinta. Ta ce Malam ba komai, Allah ya kiyaye gaba, amma katin sunan jikanta da aka yi satin da ya wuce ba ni aka kawo wa ba.