Akwatin mujiya na wani kafinta a Kumasi: na sama ya yi, na rami asarar kuɗi ne

Masu sito da rumbun masara, daga Aboabo har Ejura, sun san ɓarnar ɓera. Da yake mujiya na cin ɓera, wani kafinta a Kumasi, ƙasar Gana, ya fara haɗa gidan mujiya iri biyu, ɗaya akwatin katako da ake kafawa a sama, ɗaya kuma durom na roba da bututu da ake binnewa a ƙasa.

Na ramin kada a saya. Aikin ba shi da laifi, sai dai tsuntsun da aka yi dominsa ba ya ƙasar nan. Mujiyar rami 'yar nahiyar Amurka ce, daga yammacin Kanada har kudancin Ajantina. Ƙarama ce, tsayinta bai wuce santimita 25 ba, nauyinta kamar giram 150, ga dogayen ƙafafu. Ramin da kurege da danginsa suka bari take shiga, ko da yake ta Fulorida kan haƙa nata. Da rana tsaka za ka gan ta tsaye a bakin rami. Tana jera kashin shanu a ƙofa, buzuzu ya zo, ta cafke. 'Ya'yanta kuwa in an tsorata su sai su yi huci irin na macijin can mai ƙararrawa a wutsiya, mai neman shiga ya ja da baya. A can ne durom da bututu ke da amfani, inda noma da gine-gine suka cinye ramuka. A nan, ruwan watan Yuni kaɗai ya isa ya cika shi, in ya tsira gafiya ko maciji su tare.

Tamu ita ce farar mujiya mai fuska kamar faifai, wadda ke kwana a silin da kogon bishiya. Babba ɗaya kan ci ɓera uku zuwa huɗu a dare. A Malesiya an daɗe ana kafa mata akwati a gonakin kwakwar manja saboda haka.

Akwatin saman ya yi kyau ta wajen faɗi da rufi, kuma akwai 'yar ƙofa a gefe ta shara. Amma a duba zurfi kafin a biya. Daga ƙasan ƙofar shiga zuwa daɓen akwati kada ya gaza santimita 45. Dalili: tana yin ƙwai huɗu zuwa bakwai, tana kwanci kusan kwana 30, kuma ba rana ɗaya suke ƙyanƙyashewa ba. Manya sukan turmutsa bakin ƙofa in uwa ta kawo abinci, idan akwatin ba zurfi sai ƙaramin da bai yi fiffike ba ya faɗo. Wanda ya faɗo ƙasa iyaye ba sa ciyar da shi. Ƙofar kanta santimita 12 zuwa 13 ta isa, a kuma roƙi kafinta ya ƙara ɗan dandamali a gabanta.

Katako ma abin lura ne. Katakon bishiyar da ake kira wawa ya fi araha, amma ruwa da gara ba sa barin sa. Na bishiyar odum ya fi ƙarko, sai nauyi. Kwanon rufi kada ya zauna kai tsaye, a sa katako a ƙarƙashinsa, in ba haka ba zafin Fabrairu zai gasa 'ya'yan. A huda daɓen wuri biyar ko shida don ruwa ya fita, a zuba dusar katako kaɗan, tunda ita ba ta ɗinka sheƙa.

A kafa akwatin aƙalla mita 3 daga ƙasa, cikin inuwa, ƙofa tana kallon fili, nesa da babban titi. Sannan a daina sa maganin ɓera, musamman mai tsinka jini, don ɓeran da ya ci kan yi kwanaki yana yawo, mujiya ta ɗauke shi, ita ma ta mutu.

Abin da kafinta ba zai iya gyarawa ba shi ne maƙwabta. A Zango, kukan mujiya da tsakar dare kan sa wasu kama salati, yara kuma su ɗauko danƙo. A yi magana da mutanen unguwa tukuna, ko a kai akwatin gona. Kuma ana iya shekara guda ko fiye ba ta shiga ba.