Bututun ban-ruwa na ɗigo-ɗigo: abin da ya yi wa lambuna zuwa tsakiyar zafi

Duk kayan ban-ruwa suna da kyau a farkon shuka, lokacin da tsiro bai fi tafin hannu ba kuma ƙasa na riƙe danshi. Sai zafi ya kai tsakiya, tumatir ya ɗauki 'ya'ya, kokwamba ta haye igiya, sannan ake sanin na ƙwarai. Shi ya sa na jinkirta faɗin ra'ayina kan wannan saitin ban-ruwa na ɗigo-ɗigo da na shimfiɗa a lambun bayan gida har zuwa yanzu. A taƙaice, ya ci kuɗinsa, amma ba duk abin da aka rubuta a jikin kwalin ne gaskiya ba.

Abin da ke ciki: babban tiyo baƙi mai faɗin milimita 16, siririn tiyo na milimita 4, kawunan ɗigo masu zubar da lita 2 a awa, mahaɗai, ƙusar huda tiyo, da ƙaramar na'urar saita lokaci mai aiki da batir wadda ake ɗaurawa a bakin famfo. Haɗawa ba ta da wuya, sai dai siririn tiyon yana da taurin kai. Ka tsoma bakinsa a ruwan zafi kafin ka cusa mahaɗi, in ba haka ba yatsunka za su gaya maka.

Inda ya fi burge ni shi ne wajen tumatir. Duk mai tumatir ya san baƙin tabon nan da ke fitowa a gindin ɗan, ya lotsa, ya yi tauri kamar fata. Da yawa suna ɗauka cuta ce su kama feshi, alhali ƙarancin sinadarin kalsiyam ne a cikin ɗan, kuma galibi ba don ƙasar ba ta da shi ba. Ruwa ne ke ɗauke da shi daga saiwa zuwa sama, to in yau ka jiƙa ƙasa sharkaf, gobe da jibi ta bushe ƙamas, ɗan da ke girma a tsakanin ya rasa rabonsa. Wannan hawa da saukar ne kuma ke sa tumatir ya tsage idan ya kusa nuna. Bana kuwa, da ruwa ke sauka a kan ƙa'ida, na ɗaga gungun farko ɗaya bayan ɗaya ina duba gindinsu, sumul suke, in ka cire 'yan ƙalilan a can ƙarshen layi, waɗanda zan zo kansu. Ganyen ƙasa ma bai yi ɗigon ruwan ƙasa-ƙasa da wuri ba, domin ruwa ba ya taɓa ganye, kuma ba ya fantsamo ƙasa a jikinsa, wanda ta nan cututtukan ganye da dama ke kama shuka.

Kokwamba ita ma ta gode. Idan ta sha ƙishi takan yi ɗaci kuma ta lanƙwashe, amma waɗanda nake tsinka yanzu miƙaƙƙu ne, ba ɗaci. Ciyawa ta ragu sosai a tsakanin layuka, tunda wurin a bushe yake. Wannan kaɗai ya rage mini tsugunno.

Kada dai a ɗora masa abin da ba aikinsa ba. Tattasai da tumatir sun zubar da fure a makonnin da rana ta fi tsanani, kuma ba ruwan da zai hana hakan. Idan zafin rana ya haura digiri 32, dare kuma bai yi sanyi ba, furen ba ya ɗaukar ɗa, sai ya bushe ya faɗi. Latas ma ya yi tsiri ya fara neman yin iri, kamar yadda yakan yi duk lokacin zafi. Maganin waɗannan inuwa ce da haƙuri.

Takardar da ke cikin kwalin ta ce a saita minti 10 kullum. Wannan shawara ba ta da amfani ga shukar da ta girma. Yi lissafi da kanka: kan ɗigo mai lita 2 a awa, a minti 10 bai kai rabin lita ba. Saman ƙasa kawai zai jiƙa, saiwa ta taru a sama inda rana ke gasa ta. Abin da aka saba ƙiyastawa ga kayan lambu shi ne ruwa milimita 25 a mako, wato lita 25 a kowace murabba'in mita, kuma a tsananin zafi sukan buƙaci fiye. In kana da kawuna huɗu a murabba'in mita, lita 8 ke nan a awa, kana bukatar sama da awa uku a mako. Ni na raba shi zuwa dogayen shayarwa da asuba, da tazarar kwana a tsakani, sannan ina tona ƙasa da yatsa lokaci-lokaci in ji ko danshin ya sauka. Irin ƙasarka ma na da ta cewa. A yashi ruwan yakan nutse tsaye, da'irarsa ƙarama, sai ka matso da kawunan kusa da juna. A laka yakan bazu gefe.

Babban aibinsa a wurina shi ne babu matata a ciki. Ramin kan ɗigo ƙanƙane ne ƙwarai, ƙwayar yashi ɗaya ko ɗan gansakuka ya ishe shi toshewa, kuma ba ya sanar da kai. Za ka ga layi kore shar, sai shuka ɗaya a tsakiya ta yi yaushi da hantsi, ka taɓa gindinta ka ji ƙura. Kamfanin da ya san haka bai kamata ya bar matata a matsayin abin saye daban ba. Ka saye ta tun ranar farko. Idan ruwanku mai barin farin ɓawo kamar gishiri ne a bakin famfo, kawunan za su riƙa toshewa ko da matata, sai ka ciro su ka jiƙa a ruwan khal su saki. Kuma ka riƙa buɗe ƙarshen babban tiyo jefi-jefi ruwa ya wanke dattin da ya taru.

Sai maganar ƙarshen layi. Kwalin ya yi alkawarin tsawon da ruwan ba ya kaiwa daidai. Kawunan da ke kusa da famfo suna zuba sosai, na can nesa suna ɗan tsatsafowa, kuma a nan ne na ga tumatir masu baƙin gindi. Irin kawunan da ke daidaita ƙarfin ruwa da kansu sun fi waɗannan, sai dai suna son matsin ruwa mai kyau. Mai shayarwa daga tanki ya lura da wannan: tankin da aka ɗaga mita ɗaya matsinsa kusan kashi ɗaya cikin goma ne na "bar" ɗaya (ma'aunin matsin ruwa), kuma na'urorin saita lokaci da yawa ba sa buɗewa da ruwa mara ƙarfi irin wannan. Ka tambaya kafin ka saya.

Baƙin tiyo yana shan rana, ruwan da ya kwanta a ciki yakan yi zafi, mahaɗai su yi laushi su fice. Da na rufe shi da busasshiyar ciyawa abin ya tsaya, danshin ƙasa ma ya ƙara daɗewa.

Ga bishiyoyi kuwa, saitin bai isa ba. Lemun tsami da ɓaure suna shan ruwa ne ta ƙananan saiwoyin da suka bazu har ƙarƙashin bakin rassa, kan ɗigo ɗaya a jikin gindi wasa ne. Sai da na zagaye kowace da zoben tiyo mai kawuna da yawa, wanda ya cinye sauran kayan kwalin. Haka irin da aka yafa, kamar karas, yana son saman ƙasa duka ya jiƙe kafin ya tsiro, don haka har yanzu butar ban-ruwa na da aiki. Na'urar saita lokacin kuma lokaci ɗaya take ba kowa. Kankana na son a rage mata ruwa idan ta doshi nuna don zaƙinta ya taru, kokwambar da ke kusa da ita kuma ba ta yarda da ragi. Ƙaramin makunni a bakin kowane layi ne ya raba gardamar, shi ma daban na saya. Na'urar kuma ba ta san an yi ruwan sama ba, sai ka kashe ta da hannu.

Wanda ke da layukan tumatir, tattasai, kokwamba da wake, kuma ba kullum yake gida da safe ba, ya saya, ya haɗa da matata, makunnai da ƙarin kawuna. Wanda tukwane biyar ko shida kawai gare shi a bakin ƙofa, buta ta ishe shi.