Wace bishiya ya kamata ka saya ka dasa a ƙofar gida?

Duk wanda ya sha zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, ana haura digiri 40 ga shi ba wuta, ba sai an yi masa wa'azin amfanin inuwa ba. Matsalar dai in ka je wajen masu saida dashe a bakin titi duk wacce ka nuna za su ce ai ita ce daidai da kai. To kafin ka ciro kuɗi fara duba filinka tukuna, taku nawa ne daga ramin zuwa katanga, ina sokawe yake, akwai wayar NEPA a sama ko babu.

Darbejiya ita ce mai arha kuma mai taurin rai. Asalinta daga Indiya ne amma ta zama 'yar gida, je Maiduguri ka ga yadda ta rufe tituna. In ta kama ba ruwanta da ban ruwa, gara ba ta cika damunta ba, kuma tsakiyar bazara da ake neman inuwa ido rufe tana nan da ganyenta shar. Aibinta saiwa. In ka matsa ta jikin gini wallahi sai ta tsaga maka daɓe ta leƙa sokawe, ga shara kullum. In kana da fili ka ba ta kamar mita 5 daga bango, ni ita zan zaɓa ba dogon tunani. Ceɗiya da durumi kam sun fi ta inuwa mai sanyi, shi ya sa har unguwanni suka ci sunansu irin Durumin Iya, amma na dandali ne ko harabar masallaci, ba na fuloti ɗaya ba.

Mangwaro a cikin gida ya fi, a waje kuwa ka shirya jifan yara a kan kwanonka. Ka nemi mai aure, wato wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan karan wani dashen, shi a shekara 3 zuwa 4 zai fara 'ya'ya kuma ba ya yin girman hauka, na ƙwallo sai ka yi ta jira. Ka ce a nuna maka tabon auren a jikin karan, don wasu na ƙwallo suke saidawa da kuɗin mai aure. Yana son ruwa sosai a shekarun farko, in unguwarku ruwan 'yan garuwa kuke saye ka yi lissafi.

Bishiyar turare kuwa gaskiya ban ba da shawara ba, tsawo kawai, inuwa kaɗan, shan ruwa da yawa, ga reshe na karyewa in an yi iskar farkon damina. Masu ƙaramin tsakar gida gara zogale ko lemun tsami ko gwaiba, inuwar ba yawa amma uwargida za ta ji daɗin zogalen.

Wajen saye kar girma ya ruɗe ka, ɗaga ledar ka duba ƙasanta, in saiwa ta huda ta kama ƙasa an fizgo ta to bar shi, ɗan matsakaici mai miƙaƙƙen kara ya fi saurin kamawa. A dasa in ruwa ya zauna, wajen Yuni zuwa Yuli, kuma kuɗin bulo ko ragar da za ka kewaye shi ka sa su cikin lissafi tun farko, don awakin unguwa a yini ɗaya za su gama da shi.